Langar Lantana

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, amma ku sani wannan ba ta gizo ba ce, ta Inna Tasalla ce, mai ƙuli-ƙulin nan ta bakin titi. Jiya da dare ta yi wani mafarki. Ɗazu da la'asar ta ba ni labarinsa muna zaune a tabarma ɗaya, kuma har yanzu ƙafafuna ciwo suke kamar ni na yi tafiyar.

Kafin mafarkin dai akwai zancen langa. Tasalla da ƙawarta Lantana kusan tare aka kawo su unguwar nan suna amare, gida yana kallon gida, 'yar hanya ce kawai a tsakani, wadda ko kaza takan tsallaka tana kiwo. Ana gobe za a fara aikin faɗaɗa titi, Lantana ta kawo mata dambu a langarta mai zanen ja. Kun san ba a mayar da kwanon mutum wayam. Su kuma a tsakaninsu babu aiken yara, wadda ta dafa ita ke kaiwa, ta zauna a ci tare. Sai aka wayi gari hanya ta zama tagwaye, an ja dakali a tsakiya, motoci sun samu fili. Tasalla da gwiwarta mai ciwo takan je bakin titi ta tsaya, ta gaji ta dawo. Damina ta wuce, rani ya wuce, langa tana kife a ɗakinta. Shekaranjiya aka ce Lantana ta kwanta, ba ta cin komai, sai ambaton faten Tasalla take yi.

To, a mafarkin sai Tasalla ta ga kanta a ƙofar gida da rana tsaka, langa a kan gammo, fate yana tururi a ciki. Ga hanyar masu tafiya a ƙasa an shimfiɗa ta a gefen titi, an share, an yayyafa ruwa, har da turaren wuta. Ta ɗora ƙafa. Wata agwagwa mai hular 'yan sintiri ta busa usur.

"Inna, ɗaga ƙafarki."

"Ba ta masu tafiya a ƙasa ba ce, 'yar nan?"

"Tasu ce. Shi ya sa muke tsare musu ita. Gwamnatin jiha ta sa ta gaba da komai. In kowa ya tattaka, me za a nuna wa baƙi?"

Tasalla ta duba. Motoci ne kwance a kan hanyar birjik, wata a-kori-kura ta yi rigingine tana haki, ga mai faci ya baza tayoyinsa.

"Waɗannan fa?"

"Su ba tafiya suke ba, hutawa suke."

"Ni ta ina zan bi?"

Agwagwa ta nuna mata kwata da fiffike. Ruwan kwatar kuwa sama yake tashi, zare-zare, yana taruwa ya zama gajimare, saboda haka cikin kwatar a bushe yake. Mutane suna tafe a ciki a jere, takalmansu a ka. Tasalla ta tattare zani ta shiga layi.

Sai ga ta a ofis. Wani tsohon bunsuru da tabarau yana zaune a bayan tebur, yana tauna gefen allon da aka rubuta gargaɗin tsallaka titi. Shi ne babban darakta mai kula da masu ƙafa biyu.

"Ranka ya daɗe, tsallakawa nake so in yi. Ƙawata ce ba lafiya, can gidan mai bishiyar darbejiya. Ga shi nan ana hangowa ta tagarka."

"Akwai farin zanen da ake shimfiɗawa a titi, motoci su tsaya," in ji bunsuru. "Guda ɗaya ne a jihar, muna naɗe shi kamar tabarma don kada ya koɗe."

"To a shimfiɗa min."

"An tafi da shi wajen taron makon kare lafiyar masu tafiya a ƙasa. A kansa manyan baƙi za su zauna."

"Yaushe za a tashi?"

"In an tashi za a fara taron godiya." Ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya shinshina iska. "Da yakuwa?"

"Da yakuwa."

"Allah ya ba ta lafiya. Ki gwada gadar sama. In ta ƙi, mutum ɗaya ne doka ta ce dole mota ta tsaya masa: wanda aka ɗauko a kafaɗa. Shi kam ko tirela ba ta yi masa gardama."

"Ni da ƙafata nake son zuwa."

"Duk haka kuke cewa," in ji bunsuru, ya koma kan allonsa.

Gadar sama tana da matakala irin wadda aka yi wa raƙumin dawa. Tasalla ta hau, hannu ɗaya a gwiwa, hannu ɗaya a langa, tana hutawa tana salati. A can sama iska tana kaɗawa, wani yana shanya barkono. Ta gangara ta ɗaya ɓangaren da ƙyar, ta ɗaga kai, sai ga ƙofar gidanta, ga turminta, ga agwagwa.

"Sannu da sauka, Inna."

"Ashe nan na dawo."

"Haka aka gina ta, don kada mutum ya ɓata. Tun da aka buɗe ta ba wanda ya hau ta sannan mota ta buge shi a wancan gefen."

Tasalla ta taɓa gindin langa. Zafin ya koma ɗumi. Ta zauna a bakin kwalta, don ƙafar ta ƙi. Wata tifa ta taho da yashi tana gurnani, ita kuwa da yake bakinta ya saba, ba ta san sanda ta ce, "Sannu da aiki" ba.

Tifa ta ja birki, ta durƙusa a kan tayoyinta na gaba.

"Yawwa Inna, ina wuni?"

Ashe motocin garin masu tarbiyya ne. Ba a taɓa gaishe su ba ne, kullum sai zagi. Tasalla ta miƙe ta shiga titi tana gaisuwa. Ina gajiya, ta yi taku. Ya iyali, ta ƙara. Adaidaita sahu suka rusuna, ƙananan motoci suka cire fitilunsu kamar masu cire hula. Sai dai gaisuwa ba a yanke ta, kuma wanda ka gaishe shi ma sai ya gaishe ka. Wata tsohuwar tirela ta tambaye ta gwiwa, ta faɗa mata wani magani da ake haɗawa da man shanu, sannan ta shiga ba ta labarin nata ciwon bayan tun daga ranar da aka fara yi mata lodin siminti. Tasalla tana tsaye tana cewa "Allah sarki, sannu," tana jin langa tana hucewa a kanta. Ba ta iya cewa ta bari ba, don tirelar ta girme ta.

Da ta taka dakalin tsakiyar titi sai ta tarar gari ne. Faɗinsa bai fi tabarmar salla ba, tsawonsa kuwa har inda ido ya ƙare. Mutane suna zaune a jere, kowa gwiwarsa a haɓa. An shuka kuɓewa layi ɗaya. Wata mata tana daka da taɓarya a tsaye cak, ba ta ɗaga gwiwar hannu, don kada mota ta tafi da ita. Mai unguwarsu, wani dattijo Malam Barau, ya matsa mata wuri.

"Mu ne waɗanda suka tsallaka rabi," in ji shi. "Ni sukarin shayi na fito saye ranar sunan ɗana. Ga shi can, mai gemun nan da ke rufe shago. Yaron kirki ne, kullum yana ɗaga min hannu."

"Me ya hana ku gaishe da motocin wancan hannun ku wuce?"

"Su masu komawa gida ne, Hajiya. Sun riga sun yi sallama da kowa, ba sa amsawa."

Tasalla ta gwada. Ta ce sannu, ta ce barka da yamma, ta ce a sauka lafiya. Suka yi ta wucewa fuu, ko kallo. Ga darbejiyar gidan Lantana can, in ka yi tofi sai ya kai. Ta sauke langa ta rungume, ta ce a ranta shi ke nan.

"Ke dai kin iya daɗewa."

Ta waiga. Lantana ce zaune a gindin kuɓewa, lulluɓe da mayafinta na zuwa biki, da ludayi a hannu.

"Ke kuma me ya fito da ke da ciwo, uwar rigima?"

"Ƙamshi na ji. Na ce bari in rage miki hanya, na san ƙafar taki ta katako ce."

"Ta yaya kika tsallako?"

"Tsaya min suka yi. Duk suka tsaya, har da masu babur. Ni ma na yi mamaki."

Tasalla ta zauna, gwiwa tana gugar gwiwa, ta buɗe langa. Faten ya kwanta, ya yi fata a sama.

"Ya huce," ta ce.

"Ya huce. Shekara guda kina riƙe min langa, ki kawo min abu da sanyi. Na san ma gishirin bai ji ba, kamar kullum."

"Ki ɗanɗana tukuna kafin ki yi min sharri."

Lantana ta yi dariya irin tata ta hanci, ta tsoma ludayi, ta ɗago shi zuwa baki.

Ƙwang, ƙwang, ƙwang. Mai faci ne yake dukan ƙarfen taya a ƙofar gida, a daidai inda aka ce na masu tafiya a ƙasa ne. Tasalla ta buɗe ido. Gari ya waye, langa tana kife inda take.

Ta yi salla, ta hura wuta, ta dafa fate, ta ƙara gishiri fiye da yadda ta saba. Da hantsi ta ɗora langa a gammo ta ratsa tsakanin tayoyi ta fito bakin titi. Wata tifa ta taho, ta ce mata sannu da aiki. Tifa ta watsa mata ƙura ta wuce.

Tana nan tsaye sai ta ga motoci suna rage gudu, na wannan hannu da na wancan, har suka tsaya cik. Maza ne suka fito daga gindin darbejiya da makara a kafaɗa, za su tsallako zuwa maƙabarta. Sabitu, babban ɗan Lantana, yana gaba. Tasalla ta ja gefe ta yi salati har suka wuce ta. Kafin na ƙarshensu ya sauka daga kwalta ta gyara gammonta, ta shiga titi, ta tsallaka a hankali da ƙafarta. Ba wanda ya yi mata oda.

Faten ya isa da zafinsa, matan da suka zo zaman makoki suka cinye, wata ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. An wanke langa an kife ta a ɗakin mai ita. Lantana tana wannan gefen namu yanzu, a maƙabarta. Mai faci yana nan inda yake da tayoyinsa. Tasalla kuwa tana can gidan Lantana, ta ce sai an yi sadakar uku za ta fara tunanin yadda za ta dawo.