Lamba Sha Bakwai

Mu huɗu muka ɗauko Maharazu a kan ƙyauren ɗakinsa, da rana tsaka, muna gudu muna tuntuɓe har ƙofar ɗakin shan magani. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da ya dawo daga yaƙin Bama bai ƙara samun natsuwa ba. Ko bindigar maharba aka buga can wajen Dabai, sai ka tarar da shi ƙarƙashin rumbu yana kyarma.

Malama Magdalene, nas mai karɓar masu ciwon gaggawa, ta fito tana share hannu.

"Maciji ne?"

A wurin nan wanda maciji ya sara da mai naƙuda ba sa bin layi. Kowa a Zuru ya san haka. Da na ce e, da an shige da shi nan take. Amma ni da ɗan banzan bakina, ina tsammanin gaskiya ta fi sauri, sai na ce, "A'a, da kai nai ya sha wani abu. Ya ce ya gaji."

Fuskarta ta rufe. Ta nuna wata mata da ke gindin bango.

"Wannan tun daga Danko ta tako da ɗa a baya, tana roƙon Allah ya bar mata shi. Shi an ba shi rai, ya ce ba ya so. Ya bi layi."

Ta ciro ɗan katako mai lamba daga kwando, ta danƙa masa. Sha bakwai. Lokacin ana kan tara.

Maharazu soja ne, an ce ya jira, sai ya jira. Ni ne na kasa zama. In tashi, in leƙa taga, in dawo, in sake tashi. Ana kan sha biyu ya kamo bakin rigata, gumi na zuba masa.

"Ladan, tahi ka hwaɗa mata na hwasa. Geron nan nawa bai kai yanka ba."

Na ruga. Tana ɗaure wa wani tsoho ƙafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ya fasa? Madalla. Saura biyar."

Na so in ɗaga murya, ban ɗaga ba. Har yau ina jin haushin kaina.

Da ta kira sha bakwai, ba wanda ya amsa. Ta sake kira, sannan ta fito da kanta. Ta durƙusa, ta taɓa wuyansa, ta daɗe a haka.

"Da gaske ya ce ya fasa?" ta tambaye ni, muryarta ƙasa-ƙasa.

Na ce da gaske.

Ta share masa baki da gefen farar rigarta. Ta yi ƙoƙarin zare katakon, yatsunsa suka ƙi buɗewa, ta bar masa.

Bayan kwana uku na kai matata a duba mata ido. Daga sha shida Malama Magdalene ta dubi kwandon lambobi, sannan ta kira sha takwas.