Kayinun Gidan Iorhemen

Karatun yammacin Lahadi a gidan Iorhemen, matarsa Nguveren ce ta ƙirƙiro shi, kuma har yau in ta tuna haka sai ranta ya ɓaci. Lokacin 'ya'yanta, Sesugh da ƙanwarsa Mimidoo, suna ƙanana, da an buɗe Littafi Mai Tsarki sai hamma, kafin a je ko'ina wani ya kife a tabarma. Sai ta sake dabara. Ta ce ba zama za a yi ana saurare ba, tashi za a yi kowa ya zama wani a cikin labarin. Turmi ya zama dutse, muciya ta zama sandar Musa, akuyar gidan ma ta sha shiga jirgin Nuhu ba da son ranta ba. A ate ake yi, rumfar ciyawar nan ta tsakar gida, har yaran maƙwabta suna leƙe ta bayan rumbun doya.

A lokacin Iorhemen daga gefe yake zama, yana ɓare lemo yana dariya. Da aka naɗa shi dattijon coci kuwa, sai ya gano cewa maigida ne ya kamata ya riƙe Littafi. Shi zai karanta, shi zai raba wa kowa wanda zai zama, shi zai rufe da wa'azi. Nguveren ta sakar masa. Ta ga ai ci gaba ne, namiji ya ajiye lemo ya ɗauki maganar Allah.

Ana nan sai Tarkaa ya zo gidan. Ɗan Orkuma ne, ƙanin Iorhemen, wanda suka yi ta rigima a kan iyakar gonar lemo har ya mutu ba sa ga maciji. Uwar yaron ta riga uban rasuwa. Iorhemen ya ɗauko shi, coci duka aka yi ta sa masa albarka. Kuma a faɗi gaskiya, bai taɓa rage masa loma ba. Makaranta ɗaya da Sesugh, riga iri ɗaya ranar Kirsimeti, ko bulala bai taɓa ɗora masa ba. Mugunta dai ba hanya ɗaya gare ta ba, shi ta ranar Lahadi ya zaɓa.

Ranar da aka yi labarin 'ya'yan Adamu, Sesugh ne Habila, Tarkaa ne Kayinu. Da aka zo kan Yusufu, Sesugh ya sha ado da zanen uwarsa, Tarkaa ya jefa shi rami. Goliyat, Tarkaa. Fir'auna, Tarkaa. Har macijin gonar Adnin shi aka sa ya ja ciki a ƙasa, Mimidoo tana ihu tana dariya. Abin haushin, yaron ya iya. Yakan haɗe gira, ya kumbura murya, ya yi faɗuwar da kowa zai riƙe ciki. Yana yi yana satar kallon Iorhemen ko zai ce madalla.

Nguveren ta daɗe tana gani tana haɗiyewa, sai ran da yaron ya dawo daga rafi leɓe a fashe. Ta tambaye shi, ya ce faɗuwa ya yi. Mimidoo ce ta fasa ƙwai.

"Mama, ƙarya yake. Dambe ya yi. Ai duk yara Kayinu suke ce masa. Jiya ma matar mai injin niƙa ta kira ɗanta, ta ce kar ya kuskura ya bi Tarkaa gona su biyu."

Nguveren ta ajiye taɓaryar da take dakan sakwara. Ta wanke masa bakin da ruwan ɗumi. Yana tsugune a gabanta, bai yi kuka ba. Can ya ce, "Mama, a cikin Littafin, akwai mugun da aka bar shi ya zauna a gida?"

"Kai ba mugu ba ne."

"Na sani. Tambaya kawai na yi."

Ta samu mijin a gonar lemo yana sassabe. Ba ta ko yi masa sannu da aiki ba.

"Baban Sesugh, me yaron nan ya yi maka?"

"Wane yaro kuma?"

"Yara nawa ne a gidanka ake jifa da sunan mai kisan kai?"

Ya jingina adda da itace ya yi murmushin dattawa, irin wanda ya koya tun da aka ba shi kujera a gaban coci. "Haba, Maman Sesugh. Wasa ne fa. Labari ba ya yiwuwa sai da mugu, dole wani ya yi."

"To wannan makon Sesugh ya yi."

"Sesugh ba shi da fuskar."

"Fuskar wa? Ta ƙaninka?"

Murmushin ya ɗauke. Ya ce ta kiyayi bakinta. Ta ce bakin nan shi ya koya wa 'ya'yansa addu'a lokacin yana gefe yana tsotsar lemo. Suka yi ta yi har tsuntsaye suka watse daga kan itatuwa. Daga ƙarshe ta sassauta murya, don abin da take nema ya fi cin gardama.

"Lahadi mai zuwa Fasto zai zo ya ga karatunmu. Labarin jibin ƙarshe za a yi, cin abincin Yesu da almajiransa. Ka ba shi Yohanna. Sau ɗaya tak, a gaban mutane, su ga yana zaune kusa da Ubangiji. In ba haka ba, wallahi yaron nan za mu rasa shi."

"Zan duba," in ji shi, ya ɗauki addarsa.

Ita kuma, da yake mai son abu ba ya jin kashedi, sai ta ɗauki zan duba a matsayin to. Ta je ta gaya wa Tarkaa. Duk makon nan yaron yana bayan ɗaki yana gwada yadda ake zama a natse, yadda ake jingina kai a kafaɗar mutum. Ya tambaye ta ko Yohanna yana murmushi. Ta ce sosai ma.

Ranar Lahadi aka share ate tas. Fasto ya zo a kan babur, dattijo ne mai sanyin hali, ya ce ya ji labarin gidan nan yana so sauran iyalai su yi koyi. Maƙwabta suka cika bakin rumfa, har da matar mai injin niƙa. Nguveren ta gasa doya a madadin gurasa, ta kawo manja a kwano da zoɓo a kofi. Iorhemen ya fito ya yafa saƙin nan mai ratsin baƙi da fari wanda ba ya taɓawa sai biki. Ba wanda ya tambaya wa zai zama Yesu. Mutumin ya riga ya zauna a tsakiya.

Ya karanta surar da yarensu, a hankali, yana ɗaga ido yana duban Fasto. Sannan ya fara rabo. Mimidoo, Bitrus. Yaran maƙwabta, sauran almajiran. Tarkaa ya riga ya matso gefen damarsa, ya wanke ƙafa, ya shafa mai har goshi na ƙyalli.

"Sesugh, zo nan kusa da ni, kai ne Yohanna. Tarkaa, koma can ƙarshe. Ka san naka."

Wani yaro a bakin rumfa ya ce, "Yahuza!" aka kwashe da dariya.

Tarkaa bai dubi baffansa ba, Nguveren ya duba. Ita kuwa ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta buɗe baki, ta ga Fasto, ta ga jama'a, ta rufe. Wannan shirun nata shi ne abin da ya fi ci mata rai daga baya.

Aka fara. Iorhemen ya gutsura doya ya rarraba, ya sa murya mai taushi ya ce ɗaya daga cikinsu zai bashe shi. Sesugh ya jingina da kafaɗarsa ya tambaya wane ne. Sai Iorhemen ya tsoma doya a manja, ya miƙa hannu can ƙarshen tabarma, ya ce wa Tarkaa ya karɓa, ya tashi ya je ya yi abin da zai yi. Yaron ya karɓa. Yau babu haɗe gira, babu kumbura murya. Ya miƙe ya fita daga rumfar kamar yadda labarin ya ce, mutane suka buɗa masa hanya.

Da a nan Iorhemen ya tsaya, da wataƙila an rufa. Amma ga Fasto, ga jama'a, wa'azi ya yi masa daɗi a baki.

"Kun gani, yara? Wanda ka ciyar da hannunka, shi ne zai juya maka baya. Kuma irin wannan hali ba daga sama yake faɗowa ba. A jini yake. Uba ya ci iyakar ɗan'uwansa, me kuke jira daga ɗa?"

"Rufe Littafin nan."

Kowa ya waiwaya. Nguveren ce, tana tsaye da kofin zoɓo a hannu.

"Maman Sesugh..."

"Na ce ka rufe shi! Ba karatu kake yi ba, shari'ar gona kake yi da gawa. Orkuma yana kabari, ba ka iya kai masa, shi ne ka samu maraya kana yanka shi duk Lahadi da maganar Allah. Ka yafa zane ka zauna a tsakiya wai kai ne Yesu! Wane Yesun? Wanda na sani ƙafar Yahuzan ma ya wanke."

Fasto ya ɗaga hannu. "'Yata, a yi haƙuri, a bi a hankali."

"Baba Fasto, haƙurin ne ya kawo mu nan. Kun zo ku ga abin koyi, to ga shi, ku kai wa sauran iyalai." Ta juya kan matar mai injin niƙa. "Ke kuma da kike hana ɗanki bin sa gona, kin ji kunya. Da bakinki kike amsa amin."

Mimidoo ta fara kuka. Nguveren ta dire kofin, ta fita kiran Tarkaa ya dawo ya zauna inda ya ga dama. Ba ya bayan rumbu, ba ya ɗaki. Wata tsohuwa ta nuna mata hanyar da ya bi ta gindin dutse, ita kuwa ta san inda hanyar take zuwa. Kowa ya san yaron da dangin uba suka ƙuntata wa, igba yake nufa, gidan dangin uwarsa. In ya kama hanyar nan ba mai ikon tare shi, sai dai gidan da ya baro ya sha kunya.

Ta cim masa a gadar katako. Yana tafe ba gudu ba, doyar nan da manja har yanzu tana hannunsa.

"Tarkaa, tsaya. Mu koma. Na yi masa magana a gaban kowa, ba zai sake ba."

"Kin ce Yohanna."

"Na ce."

"Da kika ji, ba ki ce komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Tana iya kama hannunsa ta ja shi, ƙarfinta ya kai. Ta tuna abin da za ta mayar da shi cikinsa, sai ta gyara ɗaurin zaninta ta bi gefensa. In dai zai tafi, ba zai shiga gidan mutane shi kaɗai kamar wanda ba shi da kowa ba.

Rana ta yi sanyi suka isa. Yayan uwarsa, wani dogon tsoho mai suna Gbenda, yana zaune a tasa rumfar. Da ganin yaron da matar baffansa ba kaya ba sallamar biki, ya gane. Ya jawo shi, ya ɗaga masa riga ya duba baya, ba tabo. Ya matsa damtsensa, ya ga ba rama.

"Ba duka, ba yunwa," in ji shi. "To me kuka yi masa?"

Nguveren ta durƙusa. "Baba, Littafi muke koya masa."

Tsohon ya dube ta bai fahimta ba, amma bai ja ba. Ya ce ɗan ƙanwarsa ya zo gida, magana ta ƙare, gobe Iorhemen ya zo da bakinsa. Matarsa ta fito da fara'a ta rungume yaron, ta kira jikokinta. Ta ce kafin a ci abinci a zo a durƙusa a gode wa Ubangiji da ya kawo shi lafiya.

Yara suka taru suka durƙusa. Tarkaa ya ja da baya har ya fita daga inuwar rumfar, ya tsaya da ladabi, hannu a baya.

"Ku yi, Mama, zan jira a nan," ya ce wa matar Gbenda. "Ni ai Allah ya riga ya san ko ni wane ne."

Matar ta dubi Nguveren tana neman bayani. Nguveren ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanin cocinta.