Takalmin da Ba Mu Sace Ba

Tun ina 'yar shekara tara nake shirin sace takalmin angon Yaya Mehwish. Haka muke yi a Multan, can ƙasar Pakistan: ango na zama, ƙannen amarya su zare masa takalmi, sai ya fansa.

Saura wata huɗu biki, ciwon suga ya sa aka yanke wa Tauqeer, angon, yatsun ƙafar hagu duka biyar.

Ni na raka shi da Yaya wurin Anti Nuzhat, mai haɗa wa masu irin wannan lalura takalmi. Tauqeer ya zaro khussa daga jaka, takalmin angwaye mai zaren zinariya.

"Na cusa auduga a gaba, Anti. Ya zauna daram."

"Auduga! Ɗana, katifa kake ɗinkawa?" Ta soka masa wani siririn tsinke a tafin ƙafa. "Ka ji?"

"A'a."

"To haka ƙusa za ta shiga, ba sallama."

Iri uku ta gwada masa. Mai laushi ya lanƙwashe daidai kan tabon. Mai ƙarfe har ƙwauri ta ce ya yi masa yawa. Na ukun baƙi ne, mummuna, ƙasansa da tauri, da soso a ciki wanda ya cike gurbin yatsun. Ya taka, ya sake takawa, bai ɗingisa ba. Yaya ta juya fuska bango, tana share hawaye.

"Kada ka cire shi, ko taku goma kada ka yi ba shi," in ji Anti. "Mikin nan ya buɗe, abin da za a yanke ya fi yatsu."

Tauqeer ya nuna ni. "Ga shugabar ɓarayin nan zaune."

Muka yi dariya, amma ni na fara lissafi. Mu goma sha biyu ne 'yan matan dangi da za su zare masa takalmi, kuma ya roƙe ni da Yaya kada kowa ya san an yanke masa yatsu.

Ranar biki, kafin ya zauna, na tura khussar ƙarƙashin kujerarsa, da ya zauna kuma na ja mayafin furannin da ke kan kujerar ya rufe masa ƙafa. Ina hango 'yan matan sun fara rarrafowa, sai na fizgo khussar.

"Na samu! Ango, yau sai ka yi kuka!"

Suka biyo ni da ihu har tsakar gida, ba wadda ta waiwaya.

Da aka zo tafiya da amarya, Tauqeer ya miƙe cikin baƙin takalminsa, ya kama hannun Yaya. Taku talatin da ɗaya har mota. Na ƙirga, khussar rungume a ƙirjina, hawaye na ɓata mini kwalli.

A bakin mota ya sunkuyo. "Ɓarauniya, Allah ya yi miki albarka."