Ƙofar Ƙarfen Rusiate

Rusiate ya dawo tsibirinsu na Kadavu daga aikin tsinkar lemo a Ostireliya yana ji da kansa. Ya gina gidan bulo a tsakiyar ƙauyensu, saura ƙofa. Matarsa Merewalesi ta ce a yi ta katako irin ta kowa, a tokare ta da dutse ta wuni a buɗe.

"Katako? Guguwa ɗaya ta yi gaba da shi," in ji shi. "Ta ƙarfe zan sa, irin ta can."

"Su can ɓarayi suke tsoro. Kai wa kake tsoro a nan, kajin maƙwabta?"

Bai kula ta ba. Rusiate irin mutanen nan ne da in sun leƙa ƙasar waje sai su ɗauka a can aka fara hankali. Ƙofa ta iso a jirgin ruwa daga birnin Suva, da sakatunta sama da ƙasa. Sai dai in iskar teku ta kwaso ta, ba dutsen da ke iya riƙe ta, har ta kusa datse wa 'yarsu yatsu. Dole aka koma barinta a rufe.

A ƙauyen nan kuwa ba a cin abinci da ƙofa a rufe. Duk wanda ya gitta sai a ɗaga murya a ce ya zo a ci, shi kuma ya yi godiya ya wuce.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, suna kan tabarma suna cin rogo da kifi a madarar kwakwa, sai Rusiate ya hango Kawu Isikeli ta tsagin taga. Yayan marigayiya mahaifiyarsa ne, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Tsohon ya rage tafiya daidai ƙofar, ya tsaya yana gyaran zanen ƙugunsa, irin na mazan ƙauyen, alhali bai kwance ba.

"Kawu, zo mu ci!"

Muryar ba ta wuce ɗakin ba. Rusiate ya zabura da hannu duk romo, sakatar sama kuwa ta cije, gishirin teku ya fara cinta. Yana cikin kokawa da ita ya jiyo an kira tsohon daga gidan gaba. Da ƙofar ta buɗe, bayan Kawu kawai ya gani, da matan maƙwabta da ke kallonsa. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Merewalesi ta ci gaba da cin abincinta, hakan kuwa ya fi masa ciwo.

Da la'asar ya ɗauki damin saiwar yanggona, wadda ake kai wa manya in za a ba su haƙuri. Ya shiga ɗakin Kawu a sunkuye, ya zauna can ƙasa.

"Kawu, na kira ka, ƙofar ce ta hana ka ji. Ka yafe mini, na bar ka ka wuce da yunwa."

Tsohon ya daɗe yana kallon saiwar kafin ya ɗora hannu a kanta, alamar ya karɓa.

"Wace yunwa, ɗana? Na ci a gidan fasto har na kasa tashi. Tun rasuwar uwarka ba wanda ya kira ni daga gidanku. So nake kawai ka kira, in ce maka na ƙoshi."