Akuyar Gwaggo a Bakin Raga

Tun bara Mujitaba, ɗana na fari, ya daina cin tuwo a kwano ɗaya da ni, wai don na ba shi jan kati a gaban jama'a. Ni Ɗahiru na tsufa da usur a baki ina alƙalancin ƙwallo a garinmu Ƙofa, kuma wallahi na gaji. Gwiwa ta gaji, kunne ya gaji da zagi. Abin da nake so kawai yaron nan ya dawo kwanona.

Ranar wasan ƙarshe da 'yan Dangora, alƙalin da aka gayyato daga Tudun Wada babur ɗinsa ya mutu a hanya, aka ce sai ni. Rana ta yi sanyi, babu wanda ya ci. Can Mujitaba ya samu ƙwallo ya narka mata ƙafa. Ina tsaye daidai bayansa, na ga ta nufi waje, ta baro turken raga da kamu guda. Sai ga akuyar Gwaggo, yayar babana, akuyar da ta mai da ciyawar bayan raga gadonta, ta tsinko igiya ta shigo fili. Ƙwallo ta daki gindinta ta faɗa raga.

Ƙofa ta ɗauki ihu. Mujitaba ya juyo yana dariya, kuma ni ya fara nema da ido.

Dokar ba ta da wuya, ni ne ta yi wa nauyi. Da a ce raga ƙwallon ta nufa, da an ci, ko da ta taɓa akuya. Tunda waje ta nufa, sai a ajiye wa gola a ci gaba. Babu wanda ya ga hanyarta sosai sai ni.

Na busa, na girgiza kai.

"Haba Baba!" in ji Mujitaba. "Ta shiga fa!"

"Akuya ce ta ci, ba kai ba."

Dangora suka ɗauke kofi a bugun fenariti. Fili ya watse, masu zagi suka yi suka gama, ko mai rage min hanya ban samu ba. Na kama guntun igiyar akuyar, muka taho gida ni da ita.

Bayan magariba Halima, uwar yaran, ta ajiye min tuwo. Na ci gefena, na rufe sauran, na tura kwanon bakin ƙofar ɗakin Mujitaba.