Kyamarar Mai Agogo

Kwamfutar ba shi ya saya ba. 'Yarsa ce ta bar masa ita lokacin da za ta bi mijinta wata ƙasa mai nisa. Ita ce fari, ita ce auta, kuma da Auta yake kiranta. Ta nuna masa inda zai danna, ta ce, "Baba, duk ƙarshen mako za mu riƙa ganin juna." Mai Agogo ya yi tsaki, ya ce wanda ya yi shekara da shekaru yana kwance cikin agogo ba wannan faranti ne zai gagare shi ba. Bai gagare shi ɗin ba. Mutumin da matarsa ta rasu, ɗakinsa ya koma daga shi sai bango, ba ya wasa da abin da zai kawo masa fuskar ɗa.

Wata safiya ya miƙa hannun hagu zai ɗauki kofi, hannun ya ƙi zuwa. Maƙwabci ne ya kai shi asibiti. Ya fito yana jan ƙafa, hannun a naɗe a ƙirji, baki ya karkace gefe guda. Ya rufe shago, ya kwaso agogunan da masu su ba su dawo nema ba ya jera a kan kanta. Ba a murɗa makullin agogo da hannu ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya suka tsaya, ɗakin ya ƙara shiru. Madubin da ke jikin ƙofa kuwa ya rataya masa tawul.

Auta ba ta san komai ba. Da lokacin kira ya yi, sai ya danna alamar da ke kashe kyamara, ya ce mata ta lalace. Da ta ce, "Baba, me ya sa maganarka ta yi nauyi?" ya ce haƙori aka cire masa. Shi yana ganinta sarai, yana ganin jikansa yana hawa kujera yana sauka, su kuwa baƙin fili kawai suke gani inda ya kamata fuskarsa ta fito. A ransa yana cewa tausayinta yake ji, kada ta baro gidanta saboda shi. Wannan rabin gaskiya ne. Sauran rabin girman kai ne, kuma girman kai rawanin tsiya ne ko a kan wa aka naɗa shi.

Ƙarya tana da halin zama inda aka yi mata shimfiɗa. Bayan wasu watanni ya buɗe kwamfutar, bai taɓa komai ba, sai ga rubutu ya fito cewa ba a ga kyamara ba. Ya karanta, ya ji wani sanyi a ransa. Yanzu ko rantsuwa aka ce ya yi, zai yi.

Surukinsa, mijin Auta, ya ce shi zai gyara ta daga can. Ya kira shi a ƙaramar wayarsa mai madannai, ya yi ta ba shi umarni cikin ladabi.

"Baba, a kashe ta a sake kunnawa."

"Na yi."

"A duba saman allon, ko akwai ɗan murfi da ya rufe idon."

"Babu murfi. Idon a buɗe yake, gani ne ba ya yi, kamar na wasu mutane."

Surukin ya yi dariyar da ake yi wa uban mata. Ya sa shi ya danna madannin da ke da hoton kyamara, ya sa shi ya duba ko an hana manhajar kiran izini, ya sa shi ya buɗe jerin kayan da kwamfutar ta san tana da su. Akwai lasifika, akwai makirufo, kyamara kam ko sunanta babu.

"To Baba, wannan ya fi ƙarfina. Sai an kai wa mai gyara."

"In na samu sarari," in ji Mai Agogo, wanda ba shi da komai a duniya sai sarari.

Da ƙarshen mako ya zagayo, jikan ya matso da takarda gaban allo. Yaro ne da bai daɗe da shiga makaranta ba, kakan yana kiransa Sarkin Surutu. An ce su zana 'yan gidansu. Ga uwa da dogon wuya, ga uba da tabarau, ga shi kansa ya fi kowa girma. A gefe kuma ga wani baƙin akwati da aka murje da fensir har takardar ta kusa hujewa.

"Wannan fa mene ne, Sarkin Surutu? Murhu?"

"Kai ne mana, Kaka."

Auta ta karɓe takardar. Ba ta ɗaga murya ba. "Ya manta kamanninka, Baba. Malamarsu ta tambaye shi ko ka rasu ne."

Washegari ya sa kwamfutar a jaka, ya rataya a wuya, ya kama sanda. Layin masu gyara ba nisa, amma ƙafar da ake ja ba ta san kusa ba. Ya wuce shagonsa na da, ya ga an mayar da shi wurin sayar da caja, bai tsaya ba. Mai gyaran wani ƙaton mutum ne mai furfura a gemu, yana zaune tsakanin matattun kwamfutoci da aka jibge har rufi. Ya tura masa kujera da ƙafa.

"Baba, buɗe ta mu gani."

Mai Agogo ya ɗora ta a tebur, ya kama kusurwar dama ta murfin, ya ja sama. Gindin ya biyo, ya girgiza ta, murfin ya murɗe ya yi ƙara kafin ya buɗe.

"Kullum haka kake buɗe ta?"

"Da hannun da ya rage mini nake buɗewa."

Mai gyara bai ce Allah sarki ba, kuma Mai Agogo ya gode masa a ransa. Ya kwance sukurori, ya ɓare bakin allon, ya nuna masa wata waya siririya kamar zare da ta taso daga kyamarar ta bi ta cikin mahaɗin murfin, wato ƙarfen da yake juyawa a kai.

"Ka ga inda ta tsinke. Duk murɗawa tana cin ta kaɗan. Kwamfutar ba ƙarya take yi ba, da gaske ba ta san tana da ido ba."

Mai Agogo ya sunkuya ya duba. Da a cikin agogon wani ya ga irin wannan, da ya yi masa faɗa.

Mai gyara ya tono wata wayar daga cikin matattun, ya sa, ya mayar da komai. Ya nuna masa yadda zai danne gindin da gwiwar hannun da ya shanye, ya ɗaga murfin daga tsakiya. Sannan ya kunna. Wata 'yar fitila ta kama a saman allon, sai ga wani tsoho a allon da ido ɗaya a sauke, baki a karkace, da ɗan danshi a gefen leɓe. Mai Agogo ya daɗe yana kallonsa. Ya goge leɓen da hannun riga, tsohon ma ya goge.

"Za ka iya sake cire ta?"

"Cirewa ta fi sawa sauƙi. Wa kake ɓuyar wa, Baba, masu neman aure?"

"'Yata."

Mai gyara ya ajiye sukundireba. "In ka ce in cire, zan cire. Amma ni nawa uban, sai a likkafani na ga yadda ya rame."

Mai Agogo ya rufe murfin daga tsakiya, ya sa a jaka.

Ranar kira ya yi aski da hannu ɗaya har ya yanke haɓa. Ya sa riga mai guga, ya zauna inda hasken taga ke faɗowa. Yatsansa ya je kan alamar kashe kyamara, ya tsaya a kai, ya dawo. Fitilar ta kama.

Auta ta buɗe baki za ta gaishe shi, sai ta ga fuskarsa.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun haƙorin."

"Wa ke dafa maka abinci? Wa ya kwana da kai a asibiti?"

Ta dube shi, ta dubi agogunan da suka tsaya a bayansa, ta tashi ta bar allon. Ya ji an rufe ƙofa a can, ya ji an buɗe famfo da ƙarfi. Ya san ba wanke-wanke take yi ba, kuma ya san wannan kukan shi ya tara mata shi.

Sarkin Surutu ya haye kujerar, ya kawo hanci har jikin allo.

"Kaka, me ya sa bakinka ya tafi gefe?"

"Surutunka yake gudu."

"Ƙarya ne." Yaron ya jawo takarda da fensir. "Tsaya, kar ka motsa. Kar ka yi magana kuma."

Famfon yana ta zuba. Mai Agogo ya gyara zama a ɗakinsa, ya ɗaga haɓa yadda hasken zai same shi sosai, ya tsaya cak.