Manaja Ba Ya Shan Ruwan Kwano

Injiniya ake ce masa a unguwa, ko da yake gyaran famfo ne sana'arsa. Bai taɓa sha'awar kiwon kyanwa ba. Autarsa ce ta tsinto wani muzuru a bayan shago, ta raɗa masa suna Manaja saboda ba ya aikin komai sai kallon masu yi, sannan ta samu makaranta a wani gari ta tafi ta bar musu shi.

Famfon wanke-wanke na ɗakin girkinsu ya daɗe yana ɗiga, matarsa kuma ba ta gajiya da gori.

"Ka gyara na gari kaf, naka yana kuka."

Ran da gorin ya ishe shi ya ɗauko sufana ya canza robar ciki. Famfo ya yi tsit.

Ba a jima ba Manaja ya canza hali. Ya daina amfani da kwanon yashin da yake fitsari a ciki, sai a ga ɗan ɗigon fitsari a tayil ɗin banɗaki, ko a bayan ƙofa. Wata safiya Injiniya ya zura hannu cikin jakar kayan aikinsa ya ji danshi.

"Wannan ai da gangan ne," ya ce yana wanke filaya da sabulu. "Gidan nan kaf bai ga wuri ba sai inda nake neman abincin da yake ci."

"Dabba ce, Baban Auta. Ina ta san gangan?"

"Ba ki ga irin kallon da yake mini ba ne."

Washegari matar ta kira shi banɗaki. Manaja na tsugune yana ta yunƙuri, yana wani siririn kuka, babu abin da ke fita. A gefensa akwai ɗigo mai ja-ja. Ta taɓa mararsa, ya kai mata yakushi, abin da bai taɓa yi ba.

Injiniya yana da aikin haɗa bututu a wani sabon gini ranar. Ya buga waya ya ba da haƙuri, suka tura muzurun cikin kwali, aka nufi asibitin dabbobi, yana tuƙi yana mita.

Likitar tana lalubar cikin Manaja ta ɗaure fuska.

"Mafitsararsa ta cika tam, hanyar ta toshe. Da kun bari ya ƙara kwana, ƙodarsa za ta iya taɓuwa. Mazansu sun fi gamuwa da wannan, don hanyar tasu siririya ce."

Kalmar toshewa ce ta sa Injiniya ya matso.

"Me ya toshe ta?"

"Wani abu ne kamar yashi da ke taruwa in fitsari ya yi kauri. Za mu sa masa barci, mu zura siririn bututu mu wanke."

"To, aikinmu ɗaya ke nan," ya ce. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko yana shan ruwa sosai.

"Kwanonsa kullum a cike yake," in ji Injiniya.

"Kullum a cike, ko kullum ana cikawa?"

Matar ta juyo a hankali ta dubi mijinta.

"Ni fa ban taɓa ganin ya sa baki a kwanon nan ba. A famfo yake sha. Ya hau ya tara harshe yana lasar ɗigon."

"Wane famfo?"

"Wanda ka gyara."

Likitar ta ce ba za a ɗora wa abu ɗaya laifi ba, busasshen abincin da yake ci da ƙibarsa duk suna ciki. Injiniya bai ji wannan ɓangaren ba, matarsa ma ba ta nuna ta ji ba.

Aka riƙe Manaja a asibiti, aka sallamo shi da magani da sharuɗɗa: abincin gwangwani na masu irin ciwonsa, yashi mai tsabta, ruwa kuwa ko ta halin ƙaƙa. Auta ta dinga kira, kafin ta gaishe da ubanta sai ta tambaya ko Manaja ya yi fitsari.

Injiniya ya rantse ba zai mayar da famfonsa baya ba. Ya jera kwanuka a falo da tsakar gida, na roba da na tangaran, har matar ta yi tuntuɓe da ɗaya. Manaja ya bi su yana shinshinawa ya wuce. Injiniya ya haɗa masa wata 'yar na'urar ruwa da guntun bututu da ƙaramin inji, ruwa na ɓulɓulowa gwanin sha'awa. Muzurun na jin ƙugin injin ya shige ƙarƙashin gado. Da ya fito sai ya haye wurin wanke-wanke, ya zauna gaban busasshen famfo, ya zuba wa Injiniya ido.

"Ka sassauta shi kawai," in ji matar. "Garin neman gira kada mu rasa ido."

Ya gwada barin kan famfon a ɗan buɗe, amma hannun matar ya saba, tana gama wanke-wanke take murɗe shi. Dole ya kwance famfon, ya ciro sabuwar robar, ya ɗan yanke gefenta da reza. Ta farko ta yi tsiyaya da yawa. Ta biyu ba ta ɗiga ba sam. Sai a ta uku aka dace, bayan ya jiƙe riga yana faɗin abubuwan da matar ta yi kamar ba ta ji ba. Ya kafa bokiti a ƙasa yana tare ruwan don ban ruwan shuke-shuke.

Manaja ya hau ya sha har gemunsa ya jiƙe. Cikin 'yan kwanaki ya koma kwanon yashinsa, kuma Injiniya ya tsinci kansa yana leƙa yashin kowace safiya, yana auna girman jiƙon da ido kafin ya fita aiki.

Wata rana sabuwar maƙwabciyarsu ta shigo aron wuƙa, ta tsaya tana kallon famfon.

"Ayya, Maman Auta, haka kuke fama? Akwai wani yaro a bakin titi, shi ya yi mini nawa. Bari in ba Baba lambarsa, ba ya tsada."

Injiniya ya san yaron sarai, rabin aikin da yake samu gyaran ɓarnarsa ne. Ya buɗe baki, ya dubi matarsa da ta juya baya kafaɗunta na rawa don dariya, ya ciro wayarsa.

"Karanto," ya ce.